Neman Baba A Tashar Zakara

Wata ranar Asabar ce, ina zaune a tsakar gidanmu na Sabon Gari ina taya Inna gyaran zogale, sai ta ce da ni, ba ta ko ɗago kai ba, "Ke wannan, na fara manta muryar babanku."

Ni ce 'yar fari, don haka har yau da furfura ta fara leƙo mini Inna ba ta kama sunana. "Ke wannan" ne sunana a bakinta. Na ajiye tiren na dube ta. Baba ya daɗe da rasuwa, har ƙanina da yake rarrafe a lokacin ya aurar da 'yarsa. Hotunansa biyu muke da su, ɗaya na fasfo, ɗaya na wata sallah da ya tsaya ƙiƙam kamar an ce soja ne.

"Fuskar tana nan," in ji ta. "Muryar ce in na kira ta ba ta zuwa. Wannan abin da masu talabijin suka ɗauka fa, yana nan kuwa?"

Na san abin da take nufi. Baba gyaran keken ɗinki yake yi a kasuwar Sabon Gari, kuma telolin garin nan har daga Samaru da Hanwa sukan ɗauko kan keke a bayan babur su kawo masa. Ina firamare wata tashar talabijin ta zo ta ɗauke shi a shirinta na masu sana'ar hannu. Ranar da aka nuna shi, bayan magariba, unguwarmu kaf ta tattara a falon wani maƙwabcinmu ma'aikacin jirgin ƙasa, shi kaɗai ke da talabijin a layin, irin mai ƙofofi kamar kabad. Kowa ya gani, har da ni. Inna ce kawai ba ta gani ba, tana ƙauyensu tana jinyar mahaifiyarta, garin da ko fitilar lantarki babu. Ta dawo ta tarar da labari a bakin kowa. Baba ya ce ta kwantar da hankalinta, ai za su maimaita. Ba su maimaita ba, ko kuma sun maimaita ranar da babu wuta, Allah masani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Ɗalibaina a makarantar da nake koyarwa a Samaru sun sani, in na ce me ya sa, to sai an kai ƙarshen me ya sa. Amma abin mamaki, na girma da tashar nan a gabana ban taɓa tambayar ta wa ce ba. Mu tashar zakara muke ce mata, saboda in za ta buɗe da la'asar sai hoton wani zakara ya fito ya yi cara. Ina sakandare zakara ya ɓace, tauraro ya maye gurbinsa. Bayan na yi aure tauraron ma ya tafi, aka bar wasu haruffan boko guda uku suna juyi. Duk da haka Inna da sa'o'inta ba su fasa cewa a kamo musu zakara ba. Ni a zatona tasha kamar kasuwa take, tana nan inda take, sai dai a sake mata fenti. Ashe sayar da ita ake yi kamar gona.

Na fara da inda na sani, tsohon ginin tashar da ke kusa da layin dogo. Da can sito ne na auduga kafin a mayar da shi ɗakin ɗaukar shiri. Na je na tarar ana sayar da tayil da kayan banɗaki. Ƙarfen eriyar yana nan tsaye a baya, an ɗaura masa igiyar shanya. Mai shagon ya ce shi bai san komai ba, haya yake, amma ya ji an ce masu talabijin ɗin suna da wani ɗan ofis a saman bene can cikin gari.

Ofis ɗin ɗaki ɗaya ne, tebur ɗaya, fanka ɗaya, da wata yarinya da ta toshe kunne da waya. Aikinta karɓar talla da sanarwar ɗaurin aure, ta tura hedikwata. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta zare abin kunnen ta ce, "Kaset? Anti, ai ni ko da aka haife ni an bar kaset." Raina ya so ɓaci, don yadda ta faɗa sai ka ce na tambaye ta kuɗin wuri. Amma yarinyar kirki ce. Ta ce akwai wani tsoho a Dogarawa da ke leƙo su jefi-jefi ya karanta jarida ya yi musu surutu, an ce shi ne mai ɗakin ajiya tun farkon tashar. Ta kwatanta mini gidan.

Na so in je ni kaɗai. Inna ta ce wa ya ga haka, mijin wa ake nema? Ta ɗauko mayafinta na unguwa, muka tari adaidaita.

Mun same shi a zaure, dogon tsoho mai gilashi da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Bayan gaisuwa, da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya gyara zama kamar wanda ya shekara yana jiran a tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata, amma wallahi yana shan labari.

Ya ce asalin abin kamfanin jarida ne. Mai kamfanin yana da ɗa da ya yi karatu a waje, ya dawo ya ce jarida ta masu boko ce, in ana son mutanen arewa sai an yi musu magana da bakinsu kuma su ga mai maganar. Aka buɗe sashen talabijin na arewa, aka kawo reshe Zariya saboda ga jami'a a kusa, akwai ɗalibai masu wasan kwaikwayo, akwai malaman gona. Zakaran ma daga kan jaridar aka ɗauko shi.

"Lokacin nan, Hajiya," ya ce da Inna, "mu ke ɗauka, mu ke haɗawa, mu ke nunawa. Mota ɗaya gare mu, sai an tura take tashi. Amma babu kasuwar da ba mu shiga ba."

Na tambaye shi to me ya kori zakara. Ya ce mutuwa. Mai kamfanin ya rasu, magada suka ce su jarida suka sani, suka sayar da sashen talabijin ga wani kamfani na Ikko, su ne masu tauraro. Suka zo da kwat da sababbin kujeru, suka tara ma'aikata suka ce kowa ya kwantar da hankalinsa, babu abin da zai canja.

"Malama, rubuta wannan ki ajiye," ya ce da ni yana ɗaga yatsa. "Ranar da kika ji sabon mai gida ya ce babu abin da zai canja, fara ɗaure kayanki."

Masu tauraro suka rage shirye-shiryen Zariya, suka riƙa aiko da nasu daga can. Daga baya su ma suka haɗe da wani kamfanin tauraron ɗan'adam, aka sake tara ma'aikata, aka sake cewa babu abin da zai canja, aka mayar da sashen Hausa Kaduna, aka rufe siton. Ni dai ina ta jefa tambaya, wa ya sayi wa, su wa aka sallama, ina masu wasan kwaikwayon suka shiga, har na manta abin da ya kawo mu. Inna ce ta taka mini ƙafa.

"Malam," ta ce, "mai gyaran keken ɗinki, a kasuwar Sabon Gari. Wani siriri, mai ɗan gemu."

Ya ce ya tuna shirin sarai, sun ɗauki maƙera, sun ɗauki dukawa, sun ɗauki masu gyaran agogo, ba zai ce ga fuskar kowa ba, amma in an nuna to lallai kaset ɗin ya bi ta hannunsa. Sai ya sauke murya ya ce, "Sai dai Hajiya, kaset-kaset ɗin masu sana'a na zamanin zakara duk an goge su. Ni da hannuna na goge da yawa."

Ni malamar makaranta ce, kullum ina goge allo. Ina jin haka na gane abin da yake nufi. Na juya in kama hannun Inna, sai na ga fuskarta ta washe.

"Madalla!" ta ce. "Allah ya yi maka albarka, Malam. Ni dama tsorona ke nan, kar ƙura ta cinye su. Ka ga amfanin a ba dattijo ajiya."

Inna ba ta taɓa riƙe kaset na bidiyo ba. A wurinta abin da ake gogewa shi ne abin da ake so: kwanon jere, madubi, takalmin sallah, rigar da za a fita kunya da ita. Ba a goge abin da za a yar. Tsohon ya dube ni ta saman gilashi. Ni ma na dube shi. Ana cikin haka aka kira la'asar, ya miƙe da sauri kamar an cece shi daga rijiya, ya ce mu dawo wani lokaci.

A cikin adaidaita Inna ba ta yi shiru ba har gida. Ta ce in an samo sai a kira ƙanwarta daga Hanwa, da jikoki duka, su ga kakansu yana motsi. Ta ce ko a babban talabijin ɗin ƙanina za a sa. Ta ce ita ba ma sai ta gani sosai ba, idon ya yi rauni, a dai ƙara mata murya. Na ce to, Inna. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushin.

Bayan kwana biyu na koma Dogarawa ni kaɗai, kuma da faɗa na je. Ko zama ban gama yi ba na ce, "Baba, fisabilillahi, yaya za a ɗauki mutum a nuna wa duniya, sannan a goge shi? Laifin me ya yi muku?"

Bai ji haushi ba. Ya ce kaset a lokacin daga waje ake kawo shi, kuma ana iya ɗauka a kansa a sake ɗauka. A zamanin zakara sukan yi ƙoƙari su ajiye abin da suka ga ya yi kyau, har ya cika kanta guda da shirin masu sana'a. Masu tauraro da suka zo sun kawo komai ban da sabon kaset. In aka ce gobe akwai taro ko ƙwallo, sai a ce da shi ya ba da kaset, shi kuma ba shi da inda zai samo sai kan kanta. Aka ce kada ya taɓa jawaban manya. To wa ya rage? Maƙera da dukawa da masu gyaran keke.

Nan fa son sani ya danne mini fushi. Na ce to yaya ake yi, da tsumma? Ya yi dariya har da tari. Ya ce wata na'ura ce kamar akwatin ƙarfe, mai maganaɗisu a ciki. Ka ɗora kaset a kai, ka danna, ta yi gurnani, ka juya shi, ta sake yi, shi ke nan. Ko agogo ba a shiga da shi ɗakin, sai ta rikita shi.

Na ce ba ya barin ko alama, kamar in an yi wa bango sabon fenti tsohon ya riƙa leƙowa? Ya ce da, kafin a kawo na'urar, haka nan suke ɗora sabon shiri a kan tsoho, kuma in sabon bai kai tsohon tsawo ba sai wutsiyar tsohon ta fito a ƙarshe. Suna kiranta wutsiya. Ya ce an taɓa gama nuna jawabin wani babba, mai kula da nuna shirin yana gyangyaɗi, sai ga wata mata ta fito tana koyar da yadda ake daddawa, duk lardin ya gani. Abin da ya sa aka kawo na'urar ke nan, don a daina ganin wutsiya.

"To su kaset ɗin kansu fa?" na ce. "Ko babu komai a ciki, ina suke?"

Ya ce ranar da aka rufe siton an zo da mota an kwashi na manya an yi Kaduna da su. Sauran aka zube a bayan gini. Manoman da ke kewayen nan suka zo suka ɗiba, suna zare zaren suna ɗaurawa a gonar shinkafa da dawa, in iska ta kaɗa ya riƙa ƙyalli yana kuka, tsuntsaye su gudu. Na sha ganin zaren nan a gonakin da ke bayan Samaru ina wucewa a mota, baƙi siriri yana walƙiya a rana. Ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

Da zan tafi ya rako ni bakin zaure ya ce, "Ki ba Hajiya haƙuri. Na so in gyara maganar, na ga yadda ta yi murna, bakina ya mutu." Na ce ni ma haka.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan faɗa mata. Ƙanina ya ce a ce mata ana nema, a yi ta ana nema har ta gaji. Na ce Inna ba ta gajiya, kuma ni ba zan iya zama ina kallonta tana jiran abin da na san babu shi ba. Har ta sa an wanke labulen falo.

Na same ta da hantsi tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna kusa da ita a tabarma na ce, "Inna, gogewar da Malam ya ce fa, ba irin ta kwano ba ce. Irin ta allo ce. An share abin da ke ciki an ɗora wani. Babu shi, Inna."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Can ta ce, "Allo ai in an wanke shi ana tarar ruwan a ƙwarya, a sha. Su da suka goge, ina suka zuba?"

Na ce ba a zuba ko'ina, haka yake tafiya. Ban gaya mata zancen gonaki ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni kuwa har da sa masa albarka." Ta ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba. "To albarkar dai ta bi shi, ba a karɓar ta in an bayar."

Ta ture farantin gefe, ta juyo ta fuskance ni sosai, abin da ba ta cika yi ba.

"To ke ai kin gani. Gaya mini. Wace riga ya sa?"

Na ce farar nan mai aljihu biyu, sai dai a talabijin komai fari da baƙi ne. Na ce a kan bencinsa yake zaune, ga kan keke a gabansa, ya zare wani ƙarfe ya ɗaga shi sama yana nunawa, sannan ya ɗiga mai, ya murza, keken ya kama gudu. Na ce hularsa ta ɗan karkace, kuma yana ta kallon gefe maimakon ya kalli kyamara. Tana gyaɗa kai, tana cewa haka ne, shi ne, ba ya iya kallon mutum ido cikin ido.

"Sai ya ce me?"

Na koma falon nan a raina, ga zafi, ga warin gumi, ga mutane har bakin taga. Baba yana bayyana wuri ya kaure. Maza na cewa ga shi nan, wallahi shi ne, mata na guɗa, yara muna tsalle muna taɓa gilashin, mai gidan yana ihu a matsa masa daga jikin kayansa. Shi kansa Baban yana tsaye a bakin ƙofa ana ta bubbuga kafaɗarsa. Har aka gama shirin bakinsa kawai muke gani yana motsi.

"Inna," na ce, "wallahi ban ji ba. Babu wanda ya ji. Ihu muke ta yi."

Ta zuba mini ido. "Duk unguwar?"

"Duk unguwar."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun ina yarinya, har tana dafa ƙasa. "Shekara da shekaru," ta ce, "ana yi mini gori, ke ba ki gani ba, ke ba ki gani ba. Ashe ba wanda ya saurari bawan Allah!" Dariyar ta yi ta yi har ta juye ta zama wani abu, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ni ma kuka nake, ban san lokacin da na fara ba.

Da ta lafa ta jawo farantin ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ki kira 'yar'uwata ki ce mata kar ta zo."